Jif ɗin Yaya: turbo ko injin da Magazin ta sani

Wannan bayani ne kan mota ɗaya da muka saya wa yayata a Kumasi cikin 2024, da ja-in-jar da aka sha a gida kafin a biya kuɗin. Na ga gara in rubuta shi dalla-dalla don tun daga lokacin mutanen zango suke tare ni a ƙofar masallaci da wajen suna da tambaya iri ɗaya, wai wace ƙaramar jif ce ba ta ba da wahala, ni kuma ba abu ba ne da zan iya amsawa a tsaye. Aikin wayar mota nake yi a Magazin ta Suame, unguwar makanikai da masu kayan mota a Kumasi, mota ba ta zuwa hannuna sai ta fara ciwo, don haka na san iri-irin da ke yawan dawowa da kuma abin da ke dawo da su.

Yaya tana sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia, gidanta yana Aboabo. Zirga-zirgarta ba ta da tsawo ko kaɗan, da safe ta sauke yara a makaranta wajen Asawase ta wuce kasuwa, da yamma ta kwaso su ta kai makarantar allo ta dawo gida, kowace tafiya ba ta kai kilomita 5 ba amma rabinta a tsaye ake yi, ka ɗan matsa ka taka birki ka ɗan matsa ka taka birki, ga pragya, keke mai ƙafa uku, ta dama ga trotro, motar haya, ta hagu. Lokacin sallah ko in an yi rasuwa ana ɗaukar hanyar Techiman da Kintampo zuwa Tamale, kusan kilomita 380, mutum biyar a ciki da kaya maƙil a but. Son mota mai tsayi kuma ba don gayu ba ne, layin gidansu ba kwalta, damina na sauka ruwa yake yanka shi, duk wanda ya san Aboabo ya san abin da rafin nan yake yi in sama ta sake. Sharaɗi ɗaya ta ba ni tun farko, ta ce "Ni dai kar ka sa ni zaman gareji, shagon nan in na rufe shi yini ɗaya na san abin da na rasa." Da wannan maganar na auna kowace mota da aka kawo.

Babban ɗanta yana Bronx a Amurka, shi zai cika rabin kuɗin, kuma kafin ma a tambaye ni ya gama zaɓensa. Honda CR-V ta 2018 ya gani a gwanjon Copart, fara sol, kujerun fata, injin 1.5 mai turbo, an buge ta ta gaba. Ya turo hotuna ta WhatsApp ya biyo da saƙon murya: "Kawu, wannan fa ba ta shan mai, kuma ta fi RAV4 ƙarfi, dan Allah kar ku sa Mma cikin tsohuwar mota." Kuma yaron bai yi ƙarya ba. Ɗan ƙaramin injin nan yana ba da ƙarfin doki 190, RAV4 mai 2.5 ta 2013 zuwa 2018 kuma 176 take bayarwa. A ma'aunin gwamnatin Amurka CR-V ɗin tana cin mil 28 da galan ɗaya a cikin gari, RAV4 tana cin 23, wato ɗaya kusan kilomita 12 a lita, ɗayar kusan 10. Har tsayin da Yaya take nema ma CR-V ta fi, cikinta ya tashi daga ƙasa kusan santimita 20, na RAV4 wajen 16 ne. A takarda dai ko'ina ta cinye.

Toh me ya sa na tirje? Sai mutum ya san yadda injin yake aiki tukuna. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin inji da ƙarfi, juyin nan yana wuce sau 100,000 a minti ɗaya, kuma ba abin da ke tsakanin sandar fankar da ƙonewa sai baƙin mai. Sannan ba ta bayan bawul ake fesa fetur ba kaman injunan da muka saba, nozul ɗin yana cikin silinda kai tsaye yana fesawa da matsi mai yawa. In inji bai ɗau zafi sosai ba wani ɓangare na fetur ɗin ba ya ƙonewa, sai ya bi jikin silinda ya wuce ringi ya sauka cikin baƙin mai, in an yi doguwar tafiya zafi zai kore shi, in kuwa kullum gajeren zango ne sai ya yi ta taruwa har ka zaro sandar awon mai ka ga ya haura layi yana warin fetur, kuma man da fetur ya tsinka ba ya kare ƙarfe yadda ya kamata. Wannan ba hirar teburin mai shayi ba ce, a 2018 sai da Honda ta kira CR-V masu wannan injin a ƙasar Sin a kan haka, a Amurka ma ta gyara manhajar kwamfutar injin ta ƙara wa'adin garanti a kan na 2017 da 2018. Yaron ya ce ai Kawu wancan matsalar ƙasashen sanyi ce, Kumasi ba ƙanƙara. Na ce masa haka ne, amma mu nan da hannunmu muke sa wa inji sanyin.

Mota na saukowa daga Tema, kafin ta yi wata guda wani zai ce a cire tamostat wai na ƙasar Turawa ne, a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta dinga juyawa tun daga tayar da mota har a kashe. Aikin haɗa fankar nan wurina ake kawo shi kuma ina ƙi, wasu su yi fushi su kai wa na gaba. Aikin tamostat shi ne ya tare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, in ka cire shi injin zai daɗe bai kai can ba, kwamfuta kuma muddin sensa na gaya mata inji da sanyi fetur za ta yi ta ƙarawa. Ka haɗa wannan da tafiyar Yaya ta Aboabo zuwa Kejetia, ka ƙara da mai sabis da zai ɗura baƙin mai 20W-50 mai kauri a injin da aka rubuta 0W-20 ƙarara a murfinsa wai don ƙasarmu da zafi, ka ƙara da ruwan famfo a lagireto maimakon ruwan da aka yi dominsa. Babban inji marar turbo zai shanye wannan cin zarafin shekaru yana tafiya, ƙarami mai turbo wanda dama matsin da ke kansa ya fi yawa ba ya yafiya, gaskit ne ke fara tafiya. Za ka ce ai ga ni, ni zan sa ido. Ni mai waya ne, ba kullum nake gari ba, kuma ranar da mota ta tsaya a Buipe kan hanyar Tamale ba ni zan buɗe bonet ba, wanda ke bakin hanya shi zai buɗe, kuma abin da ya saba yi shi zai yi.

Ga kuma abin da muka gani da idonmu a ƙarshen 2023, wanda shi ya fi tsaya min a rai. Motoci suka yi ta shigowa Magazin suna kakarewa, wutar inji a kunne, ka kwance fulogi ka ga bakinsa ya yi ja-ja, a canza sabo bayan 'yan makonni a dawo. Hukumar man fetur ta ƙasa, NPA, ta fito ta yi bayani cewa sinadarin manganis da ke cikin fetur ɗin da aka shigo da shi ya yi kusa da iyakar da doka ta yarda, kuma motoci masu turbo su suka fi jin jiki, sannan ta ce a rage shi. Abin ya lafa, amma ya nuna min cewa ko mai mota ya yi duk abin da ya kamata, akwai abin da ba a hannunsa yake ba, kuma wane inji ne zai fara kuka in hakan ta sake faruwa, na riga na gani.

Batun shan mai na zauna na yi wa yaron lissafi. In Yaya ta yi kilomita 20 a yini, 600 ke nan a wata. Bambancin motocin biyu bai cika lita 2 a kowane kilomita 100 ba, wato wajen lita 11 a wata, ko cunkoson Kejetia ya ƙara shi ka ce 15. Kuɗi ne, ban raina ba, amma turbo ɗaya ko aikin gaskit ɗaya zai cinye ajiyar shekaru, ban da ranakun da shago zai zauna a rufe.

Sai ita kanta motar gwanjon. Bugun gaba ne, kuma a gaban ne komai yake, lagireto da kondensar esi da abin sanyaya iskar turbo da radar ɗin da ke taka birki da kanta, a hoto na uku kuma na ga sitiyari a fashe, iyabag, wato jakar iskar da ke tare direba in an yi karo, ya fita. Na san yadda ake gyaran irin wannan a wasu wurare don wurina ake zuwa neman a kashe wutar gargaɗin, a manne murfin sitiyari ba komai a ciki, a liƙa ɗan resisto a waya don kwamfuta ta ɗauka jakar tana nan. Mota ta yi kyau a ido, ranar haɗari kuma ƙirjin direba ne zai tari sitiyari. Gyaran gaskiya da sababbin jakunkuna da bel da akwatin kwamfutarsu yana da tsada sosai, kuma kwastan ba farashin da ka saya a gwanjo suke dubawa ba, lambar jikin mota ta VIN suke sawa a manhajarsu ta ICUMS su ɗauki ƙimar motar a ƙasar da ta fito su rage mata gwargwadon shekarunta, a dala, a canjin wannan makon. Wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022 har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba ya san abin da wata biyu a kan teku zai iya yi wa lissafi. A 2020 majalisa ta yi dokar hana shigo da motocin haɗari da waɗanda suka wuce shekara 10 amma aka dakatar da aiwatar da ita, shi ya sa har yanzu suke shigowa. Garantin Amurka kuwa ba ya tsallako teku, balle ga motar da inshora ta riga ta yafe. Akwai CR-V mai sunan LX ta 2017 zuwa 2019 da ke zuwa da injin 2.4 marar turbo, ita na fi so a yi wa magana, mun nema ba mu samu mai tsabta ba.

Ana cikin haka wata ƙawar Yaya ta kai ta garejin wani dila ta ga Hyundai Tucson ta 2016, ruwan toka, tana ƙyalli, farashinta ƙasa da sauran nesa ba kusa ba. Nan fa hankalinta ya tafi. Muka je tare da Masta, wanda shi ne babban makaniken inji a layinmu kuma a hannunsa na fara riƙe sifana. Mai 1.6 turbo ce da giyabos mai kuloci biyu da giya 7. Wannan giyabos ɗin a ciki irin na hannu ne, busassun kuloci ne guda biyu kwamfuta ke takawa tana saki a madadinka, a buɗaɗɗiyar hanya yana da daɗi yana da tsimin mai, amma a cunkoso inda mota ke rarrafe kulocin yana rabin kamu ne yana gogawa yana ɗaukar zafi, ka tuna hawan da ke cikin Kumasi ga mota a gabanka ga mota a bayanka. A 2016 ɗin ma sai da aka kira dubban irinta a Amurka don gyaran manhajar giya saboda wasu in an taka totur ba sa tashi. Abin da mutane ba sa lura shi ne Tucson ta shekarar tana zuwa kuma da injin 2.0 marar turbo da giyabos na yau da kullum mai giya 6, jiki ɗaya suna ɗaya amma mota biyu ce daban, kuma dillali ba zai bambanta maka ba, Tucson kawai zai ce.

Amma ba giya ce ta kore mu ba. Na jona na'ura ba kuskure ko ɗaya, sai dai gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta duk suna nuna ba a kammala ba, alamar an goge komai kwanan nan ko an cire batir. Dila ya ce batir ne ya mutu jiya, kuma hakan na iya faruwa, don haka ban ce komai ba na durƙusa. Na ja bel ɗin kujerar baya har ƙarshe, can kusa da gindi akwai layi mai duhu inda ruwa ya tsaya ya bushe. Kusoshin da suka riƙe kujera sun yi tsatsa alhali sauran motar ba tsatsa. Na ɗaga gefen kafet ta wajen ƙafar fasinja na sa yatsa ƙarƙashin soso, na fito da busasshen taɓo mai laushi, na zare soket ɗaya a wurin na haska, haƙoran ciki sun yi kore. An wanke saman kafet da turare har yana hawa kai. Masta ya kalli yatsana ya juya ya ce "Hajiya, mu tafi, wannan ta yi wanka a inda ba a so." Motar ambaliya ba ta mutuwa rana ɗaya, yau gilashi ya ƙi sauka gobe birki ya kunna wuta jibi ta ƙi tashi, kuma ni da nake cin abinci da irin wannan gyaran nake gaya maka ba ya ƙarewa.

Sauran ba mu daɗe a kansu ba. An kawo zancen Kia Sportage mai 2.4, injin da ake kira Theta II, wanda matsalar metal ɗin karanshaf ɗinsa ta sa aka yi ta kiran motoci tun 2015, har a Nuwamban 2020 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ɗora wa Hyundai da Kia tarar dala miliyan 210 kan jinkirin kiran. Nissan Rogue injinta 2.5 ba laifi amma giyarta CVT ce mai bel ɗin ƙarfe, kamfanin da kansa ya ƙara wa'adin garantin giyar a kan na 2014 zuwa 2018, kuma ba ta son kowane mai sai nata. Wani maƙwabci ya ce a sayi tsohuwar RAV4 ta 2007 kawai ai Toyota ce. Ita ma mai 2.4 ta 2006 zuwa 2008 an san ta da shan baƙin mai ta ringi, Toyota ta amsa hakan. Tambarin da ke gaban mota bai isa hujja ba, sai ka tambayi wane inji, wace giya, wace shekara.

Masta yana da nasa ma'aunin da ba ya buƙatar intanet. Ya ce da Yaya, "Hajiya, tambaya ɗaya nake yi wa mota, in injinta ya mutu yau da azahar, zan samu wani kafin la'asar?" Muka zaga layin masu kaya da ƙafa muna tambayar famfon ruwa da koyil da injin hom-yus, wato wanda aka yi amfani da shi a waje aka shigo da shi, da giyabos na kowace. Injin RAV4 ɗin, 2AR-FE, shi ne dai a cikin Camry mai 2.5 ta 2010 zuwa 2017, kuma Camry ta cika gari, don haka shago bayan shago akwai shi, sabo da tsoho, kana iya taya nan ka wuce can. Sarƙa ce ke juya shi ba bel ba, ta bayan bawul yake fesa fetur don haka fetur ɗin na wanke bawul ɗin da kansa, ba turbo, giyarsa otomatik ce ta gargajiya mai giya 6, yaron da ya shekara biyu a gareji ya san cikinsa. Na turbo ɗin ma akwai, amma shaguna kaɗan ne, wasu sai an yi waya kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Akra a saka a mota, kuma mai kaya in ya san shi kaɗai ke da abu ba ya ragi.

Wadda muka samu RAV4 ce ta 2016 a hannun wani dattijo, tsohon malamin makaranta a Kwadaso, ya yi 'yan shekaru yana hawa a nan Gana, mita ta wuce mil 100,000, fenti ya ɗan kwanta a rufi, kujerun yadi. Yaya ta ɓata rai tun a ƙofa. Ita hom-yus take so mai lambar wucin gadi ta DV da za ta yi wa sabuwar rajista da sunanta, don a lokacin shekarar rajista na nan a wutsiyar lamba kowa na gani, ta ce mutanen kasuwa za su ce ragowar wani ta saya. Sai dattijon ya shiga ɗaki ya fito da wani littafin makaranta mai layi-layi, ya rubuta duk ranar da aka canza mai da abin da mita ke nunawa da irin man, har ranar da ya canza birki da batir, rasit kuma an maƙale su da fil a bayan bango. Masta ya yi ta buɗawa bai ce uffan ba. Ni na ce mata, Yaya ke da kanki in dila ya kawo miki holan ba lambar da ke bakin zani kike saye ba, sai kin ja kin murza kin juya bayansa, to wannan littafin shi ne bayan zanin. Ta yi shiru, can ta ce "To ku gwada ta."

Mun roƙi dattijon kar ya tayar da ita sai mun zo da sassafe, don inji mai sanyi ba ya ɓoye komai. Na fara taɓa bonet na tabbatar da sanyi. Ta tashi bugu ɗaya, ba karar sarƙa, ba hayaƙi. Tamostat na nan, fanka ba ta kunna ba sai da allura ta hau tsakiya, ruwan lagireto kuma ruwan hoda ne na asali. Masta ya auna matsin silinda huɗun duk suna kusa da juna. Muka fita hanyar Ejisu saboda abu ɗaya, RAV4 na 2013 zuwa 2015 an san wasunsu da wata karkarwa daga cikin giya tsakanin gudun kilomita 40 zuwa 80 in ka taka totur a hankali, har Toyota ta ƙara musu garanti a kai, wannan ta 2016 ce amma ba a rasa komai don an gwada. Muka riƙe ta a wannan gudun muna hawa muna sauka, shiru. Laifukan da muka samu na tsufa ne: famfon ruwa ya fara tsatsafo har ya bar busasshen ruwan hoda a gefensa, shokazoba na baya sun gaji, tayoyi biyu kuma lambobi huɗun da ke gefensu sun nuna sun haura shekara 6 duk da haƙoransu na nan. Muka lissafa kuɗin gyaran a gabansa, ya rage ba gardama.

Mai jan gaba kaɗai ce, kuma haka nake so. Yaron ya so mai jan ƙafa huɗu, amma Yaya ba daji take shiga ba, hanyar Tamale kwalta ce, mai ƙafa huɗu kuma ƙarin ƙarafa ne a ƙasa da ƙarin mai da dole tayoyi huɗu su zama iri ɗaya. Wadda na so a raina, in faɗi gaskiya, haibirid ce, don a cunkoso irin na Kejetia ba abin da ya kai ta tsimin mai, injin kashe kansa yake yi in an tsaya. Kuɗinta ya fi ƙarfin abin da aka tara, kuma masu gyaran batirinta da gaske a garin nan har yanzu ana ƙirga su.

Kafin Yaya ta karɓi makulli mun canza famfon ruwa da ruwansa, shokazoba, tayoyin nan biyu, muka sauke man giya muka zuba irin na Toyota mai suna WS daidai abin da ya fita, ba mu yarda an wanke giyar da inji ba. Sai batir, wanda shi ne aikina. A Nuwamban 2023 Toyota ta kira RAV4 na 2013 zuwa 2018 sama da miliyan 1.8 a Amurka saboda in an sa batirin da samansa ya fi ƙanƙanta kuma ba a ɗaure shi sosai ba yana iya motsawa a kwana, kan wutarsa ya taɓa ƙarfen da ke riƙe shi, wuta ta tashi. A nan kuwa duk batirin da ya shiga ramin shi ake sawa, wani ma da igiyar roba ake ɗaurewa. Na dattijon ƙarami ne, yana ɗan girgiza in ka tura shi da hannu. Na sa mai girman da ya dace, na ɗaure, na mayar da murfin kan jan waya. Duk mai irin motar nan ya buɗe bonet yau ya tura batirinsa ya gani.

Yanzu an haura shekara tana hannunta. Ta je Tamale ta dawo da kaya da mutane, ba ta kwana a gareji ba, sabis kawai, kuma saboda gajerun tafiye-tafiyenta ba ma jiran mita ta cika, duk wata shida muke canza mai. Abin da muka rasa mun rasa shi da gaske. Tsayin nan na CR-V da ba ta samu ba ya nuna kansa a daminar farko, cikin motar na gogar bakin kwata in za ta shiga gida, sai da aka kira birkila ya zuba siminti ya kwantar da mashigar. Mai kuma tana sha, duk sanda aka sake farashi, wanda sau biyu ake yi a wata, sai Yaya ta kira ni ta ce "ɗan naka fa ya faɗa." Shi ma da ya zo hutu ya tuƙa ta zuwa Akra ya dawo yana cewa ba ta da kuzarin wuce tirela a hanyar Nkawkaw, kuma ban musa masa ba, turbo ta fi ta nan. Wanda aikinsa Kumasi zuwa Akra ne duk mako, injinsa na ɗaukar zafi awa huɗu biyar a jere, yana da makanike ɗaya tak da ba ya wasa da mai, kuma ya samu motar da bai gaji tarihin wani a cikinta ba, ni da kaina zan raka shi ya sayi 1.5 ɗin, akwai abokan cinikina da ke hawanta lafiya lau.

Abin da ke gabanmu yanzu bushin ƙafar gaba ne, layin Aboabo ya fara cinye su, in ta hau gargada ana jin ƙwas-ƙwas ta ɓangaren direba. Masta ya ce kar a matse sabon roba cikin tsohon ƙarfe, a sayi hannun gaba ɗaya hagu da dama a yi alaimen lokaci guda, na riga na yi wa mai kaya magana ya ajiye mana, ranar Lahadi da ba ta fita kasuwa za a ɗaura.